Jan Fure a Katangar Huraira

A shekarun nan Gyaɗi-Gyaɗi ba ta wuce ƙauye ba. In ka fito daga birnin Kano ka miƙi hanyar Zariya, sai ka ratsa gonakin dawa da na gyaɗa kafin ka hango katangunta. A can ƙarshen gidaje, inda hanyar Tarauni ta ɓalle, nan gidan Malam Maje yake. Shi da matarsa Huraira ne kawai a ciki, sai jaki ɗaya. 'Yarsu tilo tana aure a Darmanawa.

Maje manomi ne, da rani kuma yana lambu a bakin kududdufi. Kowa ya san hannunsa, abin da ya dasa sai ya kama. In aka tambaye shi sirrin, sai ya ce babu wani sirri, taki ne da ruwa. Yakan ɗora wa jakinsa kara ko itace ya kai birni, ya dawo da mangala cike da takin birni, baƙi wuluk, wanda ya sha toka da kashin awaki. Ba ya yi wa shuka rowa. A ganinsa shukar da aka bari da ƙishirwa za ta kai ƙarar mai ita ranar gobe.

Idon Huraira ya fara ne da allura. Ta daina iya zura zare, ta ce zaren ne ya lalace. Daga nan sai ta riƙa tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da ta yi shekara da shekaru tana sharewa. An yi tozali, an sha rubutu, an wanke da ganye iri-iri. Da abin ya ƙi, sai Maje ya ɗora ta a jaki, wata rana cikin rani, ya kai ta asibitin ido a Sabon Gari. Likita ya duba, ya haska, ya sa tafinta ya gaya musu cewa wannan ba yanar ido ba ce da za a cire. Daga ciki ganin yake raguwa, kuma zai ci gaba da raguwa. Ya ba su maganin ɗigawa don a rage masa sauri.

A hanyar dawowa, Maje yana gaba riƙe da igiya, Huraira tana kan jaki ta rufe fuska da mayafi. Suka biyo ta Tarauni don ta sha ruwa a gidan Iya Rotimi, wata Bayarabiya da ke sayen kuɓewa da tattasai a wurinsa. Mijinta kafinta ne a wurin masu aikin hanya, ita kuma a Kano ta girma, Hausa a bakinta kamar ta 'yan birni. Kafin su kai ƙofar gidan sai Huraira ta ɗaga mayafi.

"Malam, tsaya. Mene ne wancan ja?"

Maje ya duba. Wata shuka ce mai yaɗo ta haye shingen gidan har ta zubo waje, ta rufe shi ruf da jan fure, ganye ma da kyar ake gani. Sau nawa yana zuwa gidan nan da kwandon kuɓewa, bai taɓa tsayawa ya kalle ta ba.

"Kina ganinsa?"

"Ina gani mana. Rabon da wani launi ya tsaya min a ido haka har na manta."

Ta sauka, ta je ta kai hannu. Furen ya yi ƙaras-ƙaras a yatsunta kamar takarda. Ƙaya ta soke ta, ta ce wash, ta yi dariya. Rabon Maje da jin wannan dariya tun kafin a fara maganar allura.

Iya Rotimi ta fito da kwanon ruwa. Da Maje ya roƙe ta reshe ɗaya, sai ta riƙe haɓa.

"Baba Maje, yau kai ne da fure? Ba ya yin miya fa."

"Na sani, Iya. Ki dai yanko min."

Ta yanko masa rassa masu kauri, ta ce mijinta ne ya samo irin daga gidajen Turawa na Nasarawa. Ta faɗi sunansa da Turanci, Maje ya gwada, harshensa ya ƙi. Huraira ta ce a bar shi da furen takarda, sunan da ya bi shi ke nan.

Maje ya kafa rassan a cikin fasasshen tulu, ya ajiye a inuwar rumbu. Ɗaya ne ya yi tsiro. Da ruwan farko ya sauka, ya haƙa rami a gindin katanga, daidai inda Huraira take zama da hantsi, ya cika shi da takin birni mafi kyau, ya dasa. Ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya kafa masa karan dawa ya jingina da katanga don ya sami abin kamawa.

Garzali, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun suna kiwo, ya leƙo ta kan katanga.

"Me kake binnewa da takin da ya isa kunya goma ta albasa?"

"Fure ne."

"Fure! Yana 'ya'ya?"

"Ba ya yi."

"Ganyen fa, ko awaki suna ci?"

"Ban dasa don awaki ba."

"To, Allah ya ba da sa'a. Saura mu ga ka sayi gajeren wando da hular kwano, mu riƙa ce maka ranka ya daɗe."

Shukar ta kama, kamar yadda komai yake kamawa a hannun Maje. Kafin damina ta fita ta wuce kan mutum. Da kaka ta kai saman katanga ta fara kwanciya a kai. Da ruwa ya ɗauke, Maje bai bar ta ta ji bambanci ba. Kafin ya tafi lambu sai ya juye mata tulu, in ya dawo ya ƙara wani. Duk zuwansa birni yana ware mata nata kason na taki. Ganye ya yi kore shar, ƙayoyi suka yi tsawo, rassa suka yi kauri kamar sandar makiyayi. Fure ko ɗaya babu.

Idon Huraira kuwa bai jira ba. Da sanyi ya shiga, ta daina gane fuskar mutum sai ya yi magana. Ta ce duniya ta koma mata kamar ana leƙe ta ramin tabarma, kuma ramin kullum tsukewa yake. Ba ta fita ko'ina. Kowace safiya in Maje ya juye tulu sai ta tambaya.

"Ya fito?"

"Ya kusa."

Ranar nan ya gaji da faɗin ya kusa. Ya ɗauki kwandon tattasai ya nufi Tarauni. Tun daga nesa ya hango shingen Iya Rotimi ja zur, kamar an shanya sabon zane. Ransa ya sosu. Gindin nata ƙasa ce busasshiya, har ta tsattsage, kaji suna birgima a wurin.

"Iya, reshen da kika ba ni namiji ne?"

Ta kwashe da dariya har ta dafa ƙofa. "Namiji kuma? Daga jikin wannan na yanko maka. Me kake ba shi?"

Ya lissafa mata, da ɗan alfahari ma. Taki na birni, ruwa safe da yamma.

"Kai, Baba Maje! Ka mayar da shi kabeji. Dubi nawa, wa yake ba shi ruwa? Rijiya tana da nisa, ni kuma ba ni da jaki. Tunda damina ta wuce ko ɗigo bai samu ba. In yana samun ruwa ganye kawai zai yi ta yi. Sai ƙasa ta bushe ƙarƙashinsa yake fure."

"Ba zai mutu ba?"

"Zai yi kamar zai mutu, ganye zai zube, kada ka ji tausayinsa." Ta daina dariyar. "Yaya idon Inna Huraira?"

"Saura kaɗan."

"To ka daina tun yau. In ruwan sama ya riga ka, sai wani ranin kuma."

Wani ranin. Maje ya san idon ba zai kai ba. Ya dawo gida ya zayyana wa Huraira yadda suka yi, ta saurara, ta ce to.

Bai taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba, kuma aikin bai wuce ya bar hannunsa a aljihu ba. Da safe ƙafarsa da kanta take kai shi wurin tulu. Sai ya ɗauka, ya tuna, ya ajiye. In zai fita yakan kawar da kai daga katangar kamar mai wucewa ta ƙofar gidan surukai. A lambu kuwa ya huce a kan albasa, ya yi ta ɗebo mata ruwa da jigo har Garzali ya ce ko shinkafa yake son ya mayar da ita.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara. Shukar tana nan kore shar, har sababbin rassa take fitarwa. Maje ya rasa gane kan abin. Ya ce ko saiwarta ta kai ga ruwan rijiya ne. Ya ce ko Iya ba ta san ƙasar Gyaɗi-Gyaɗi ba.

Wata rana igiyar jigonsa ta tsinke wajen azahar, ya dawo gida ɗaukar wata, lokacin da ba ya saba dawowa. Ya shigo zaure ba takalmi, yana shirin yin sallama sai ya ji muryar Huraira tana magana ƙasa-ƙasa. Ya tsaya a bakin ƙofa.

Tana tsugune a gindin furen, a kan wani faffaɗan dutse, da buta a hannu, tana alwala. Ruwan yana gangarowa daga gwiwar hannunta yana shiga gindin shukar. Da ta wanke ƙafa, sai ta girgiza butar, ta ji da saura, ta juye shi duka a wurin.

"Sha maza," in ji ta. "Sha kafin ya dawo. Ba mugunta yake maka ba, faɗa masa aka yi."

Sannan ta laluba gefenta, ta ɗebo busasshiyar ƙasa da tafin hannu, ta yayyafa don ta rufe jiƙon. Ta shafa, ta sake yayyafawa. Rabin wurin ta rufe. Sauran rabin yana nan baƙi a fili, ruwa yana ƙyalli a kai, ita ba ta sani ba. Zafin rana ne yake ƙarasa mata aikin kullum kafin ya dawo da yamma.

Maje ya daɗe a tsaye. Ya so ya ji haushi, haushin ya ƙi zuwa. Ya koma baya, ya gyara murya, ya yi sallama kamar yanzu ya iso, ya bari ta idar da salla. Sannan ya zauna a gefen tabarmarta.

"Huraira, yaushe dutsen alwala ya koma can?"

Ta ce, "Tun ranar da ka dasa shi. Innata takan ce ruwan alwala ba a barinsa ya tafi a banza, a gindin shuka ake yi."

"Da ragowar butar?"

Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin zanenta kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. "Da ruwan wankin gero ma."

"Haba, Huraira."

"Kai fita kake yi, Malam, ni nake wuni da shi. Kwana biyu na gwada, wallahi na gwada. Da rana ta take na taɓa ganyen, na ji ya yi laushi ya lanƙwashe. Na ce yanzu wannan a gabana zai mutu, ga ruwa a randa?" Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. "Kuma bari in faɗa maka gaskiya. Idon ya kusa rufewa. Ko ya yi furen, wataƙila ba zan gani ba. Kada mu kashe shi a banza. Inuwarsa ma ta ishe ni, ina jin iska tana kaɗa shi."

Maje ya kalli hannuwansa. Shi ma haka zuciyarsa take faɗa masa kowace safiya a gaban tulu.

"Na ga na Iya da idona," in ji shi. "Ƙasar har ta tsage, amma ga shi kamar wuta ta kama shingen. Ki ba ni 'yan kwanakin nan kafin ruwa ya sauka. In na ga zai mutu da gaske, ni da kaina zan kawo miki tulu ki juye."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Ya tashi ya ciccibi dutsen, ya kai shi gindin zogale a ɗaya gefen gidan. Igiyar da ya zo ɗauka don jigo, sai ya ɗaura ta daga bakin ƙofar ɗakinta zuwa zogalen, daidai tsayin ƙugunta. Ya kama hannunta ya ɗora a kai, suka je suka dawo tare har ƙafarta ta gane hanyar. Albasa ta kwana ba ruwa ranar nan.

Daga nan shukar ta fara jin jiki. Ganye ya yi rawaya, ya fara zuba. Huraira tana jinsa a ƙarƙashin tsintsiya in tana shara, sai ta tara shi gefe ta ƙi zubarwa. Wani lokaci Maje yakan same ta a tsaye a gindin katangar, ba buta a hannunta, ta dafa reshe kawai.

Bazara ta yi zafi, dare ba barci, rana ba sukuni. Mutane suka share gonaki, suka kai taki, kowa ido a gabas. Da yamma hadari yakan taso ya yi baƙi, sai iska ta watsa shi. A masallaci liman yana roƙon ruwa, jama'a suna amsawa da ƙarfi. Maje yakan buɗe baki, amin ɗin ta maƙale masa a wuya. Gonarsa ita ma tana jira, ya sani. Sai ya ce a ransa, Allah ka kawo ruwa mai albarka, amma ka ɗan jinkirta.

Garzali da ke kusa da shi a sahu ya zungure shi bayan an shafa.

"Kai, ban ji amin ɗinka ba."

"Maƙogwaro ne."

"Maƙogwaron da ke warkewa in an zo cin tuwo? Ko furen naka ne ba ya son ruwan sama, sai na kwalba?"

Amma Garzalin ne ya fara gani. Wata safiya ya fito da jakinsa zai wuce ta bayan katanga, sai ya kwaɗa kira.

"Maje! Maje! Fito ka ga abinka ya yi kunya ya fito!"

A can saman katanga, ta ɓangaren waje inda rana ta fi bugu, wasu 'yan jajayen abubuwa sun tsattsago a bakin rassa, ƙanana kamar farcen jariri. Maje ya shiga da gudu, ya kamo Huraira, ya tsayar da ita a tsakar gida, ya ɗaga mata haɓa wajen.

"Can, sama, kusa da kusurwa. Kin gani?"

Ta ƙura ido har ya kawo ruwa. Ya ga leɓenta yana motsi, ya san tana son ta ce e don ta faranta masa.

"Ban gani ba, Malam."

"Ba komai. Yanzu ya fara."

Ya fita lambu, ya zauna a gindin jigo bai ja ko guga ɗaya ba.

Furen bai tsaya ba. Daga kusurwa ya biyo kan katanga, ya zubo ta ciki reshe bayan reshe. Yara masu kai talla suka riƙa tsayawa a hanya suna kallo. Matar Garzali ta aiko a yanko mata reshe, Garzali ya ce ba da saninsa ba. Maje kuwa ya daina tambayar Huraira ko ta gani. Yana tsoron amsar. Hadari kullum ƙara matsowa yake, har an ce an yi ruwa a wajen Hotoro.

Ran nan da hantsi bai fita da wuri ba, yana zaune a ƙofar rumbu yana gyara ƙotar fartanya. An yi iska da asuba ta wanke sararin sama, rana ta fito tas ta bayan ɗakin, ta faɗa kan katangar gaba ɗaya. Huraira ta fito da faifai a hannu, tana bin igiya. Ta kai tsakiyar gida sai ta tsaya. Ta saki igiyar. Ta karkata kai a hankali, hagu, dama, kamar mai neman ramin tabarmar nan da ya rage mata.

"Malam."

"Na'am."

"Wa ya shanya jan zane a katanga?"

Fartanyar ta zame daga hannunsa.

Ta taka ɗaya, ta taka biyu, ba igiya, ba lalube, ta nufi katangar kai tsaye. Da ta isa ta ɗaga hannu, furen ya yi ƙaras-ƙaras a yatsunta. Ta tsaya a nan, fuskarta a sama, jan yana haska mata goshi.

"Ya fi na Iya," in ji ta.

"Kai, bai kai ba."

"Ni na ce ya fi. Kai ka gani ko ni?"

Ya taso ya tsaya a bayanta. Ta daɗe tana kallo, ba ta ko son ƙiftawa. Ta nuna masa inda ya fi yawa, ta nuna inda ya yi gibi, kuma duk daidai ta nuna. Ta ce a aika Darmanawa a gaya wa 'yarsu ta zo. Ta ce a kai wa Iya ƙwai. Sannan ta laluba ƙasa da tafin ƙafarta, ta ji yadda gindin ya bushe ya tsattsage.

"To yanzu fa? In ba shi?"

Maje ya dubi gabas. Hadari ya fara haɗuwa, mai nauyi, irin wanda iska ba ta watsawa. Ko ba a ba shi ba, kafin la'asar zai sha ya ƙoshi. Bai faɗa mata haka ba. Ya je randa ya cika buta har baki, ya kawo ya sa mata a hannu.